Tarwada a Buhun Albasa

Matan guruf, salamu alaikum, kuma yau don Allah kada wadda ta katse ni da sitika. Iya Tani ce ta Asata, wadda kuke cewa ko akuya ta yi ɓari a Enugu sai na ji. To yau ba labarin gidan kowa na kawo ba, na gidana ne, kuma raina a ɓace yake. In kun ga rubutun ya karkace, ba laifin tabarau ba ne.

Saboda waɗanda aka shigo da su kwanan nan, bari in koma baya kaɗan. Ina da jika, Khairiyya, 'yar ɗana Badaru. Tana da wata tara uwarta ta rasu, ni na goya ta har ta yi wayo. Ta yi karatun gwaje-gwaje, yanzu tana aiki a wani ɗakin gwajin jini can wajen Ogui, da farar riga da safar hannu, wuni take tana leƙen jinin mutane a madubin likita. Ita maikroskof take ce masa, ni harshena bai kai nan ba. Mai nemanta Shafi'u ne, ɗan Hajiya Ramlatu ta Obiagu. Yaro ne mai kunya, in ya durƙusa gaishe ni sai na ce ya tashi haka nan kada gwiwarsa ta yi kanta. Sana'arsa kuwa sai da na sa aka maimaita min. Kifi yake sayarwa, amma ba na ci ba, na kallo. 'Yan mitsi-mitsi kamar yatsa, ja da ruwan ɗorawa da masu jela kamar gyalen amare, yana zuba su a akwatin gilashi yana kai wa otal-otal da gidajen manyan Ibo. Ranar da na ji na ce masa, to mijina, in ka ɗauke ta da me za ta yi maka miya? Ya sunkuyar da kai yana dariya.

Da Sallah ta zo, samarin mutane turmin atamfa suke kai toshi. Nawa sai ga shi a keke mai ƙafa uku da akwatin gilashi mai tsawon dardumar sallah, da tsakuwa masu launi, da wani ɗan inji mai batir da ke hura kumfa, da kifi goma sha biyu. A falona aka girke shi kusa da talabijin. Ya ja mana kunne, kada a sa hannu, kada a zuba musu tuwo, kada a ƙara ruwan da bai kwana ba. Na ce na ji. Khairiyya har suna ta raɗa musu, in ta dawo aiki su take fara gaisarwa kafin ni.

Manya sun riga sun yi magana, kawunnan Shafi'u za su zo Asabar ɗin ƙarshen wata a sa rana. Ku riƙe wannan.

Wata Alhamis ya aiko cewa zai biyo bayan la'asar. Na ce yaron nan kullum lemo da cincin, yau dai bari ya ci girkin tsohuwa. Na je kasuwar Ogbete da kaina na zaɓo tarwada mai rai, baƙa wuluk, da gashin baki kamar tsohon ɗan sanda. Kun san Enugu da ruwa. Kwana uku masu kurar ruwa ba su leƙo layinmu ba, abin da ya rage a jarka na alwala ne da girki. An ɗauke wuta, firji ya zama kabad. Gas ya ƙare, Badaru ya tafi da tukunyar, ya ce sai azahar. Ga tarwada a roba da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, rana ta buɗe, ta fara yauƙi tana juya ciki. Ku masu girki kun san tarwadar da ta mutu da hantsi aka dafa da la'asar ba a ba suruki. Ina ɗaga ido sai ga ruwa garau a falona, har da kumfa, da kifayen da in ka haɗa su duka ba za su cika ludayi ba.

Kada wadda ta ce ban yi tunani ba. Na yi. Na san tarwada ba ta da imani, in na sake ta kalaci za ta yi da su. Sai na ɗauko buhun albasa, irin jan nan mai raga, na wanke shi, na sa ta ciki, na ɗaure baki, na zura a gilashin na maƙale a gefe da abin shanya. Ta kwanta lamo. Ƙananan suna zuwa suna shinshinar ragar kamar masu yi wa baƙo sannu da zuwa. Azahar na yi na cire ta, na goge gilashi, na yi farfesu da citta da kanumfari da daidoya. Shafi'u ya ci kwano biyu, ya tsotse kan, ya ce ko a Onitsha bai ci irinsa ba. Ni kuma na manta da zancen.

Bayan kamar mako guda kifayen suka canza. Sai su dinga goga jiki a tsakuwa kamar masu ƙaiƙayi, su tattare fikafikai, su taso sama suna buɗe baki. Ba rauni, ba tabo, sai dai jikin ya dushe kamar an shafa musu koko. Wata ja da Khairiyya ke ce wa Gimbiya ita ta fara kifewa. Shafi'u ya zo da 'yar ragarsa ta kamu, ya canza ruwa, ya ɗiga wani magani shuɗi, ya mayar da ragar jaka ya koma shago. Kafin wani makon, abin ya sauka a shagonsa. Kullum da safe sai ya kwashe gawa a gilashi uku, huɗu. Wani otal ya ce ya zo ya ɗauke kayansa, baƙi suna cin abinci suna kallon mushe. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A nan Ramlatu ta shigo. Ta yi wa 'yar uwarta saƙon murya, ita ta tura wa wata, watan ta tura wa wadda ba ta iya riƙe abu, ita kuma ta turo min. Sau uku na saurara. Cewa ta yi:

"Ni dai ban ce komai ba. Amma shekara huɗu yaron nan yana sana'arsa lafiya, daga fara zuwa Asata sai mutuwa. Kuma an ce ita ma uwar yarinyar ba ta daɗe ba bayan haihuwarta. Farar ƙafa dai ba mu muka ƙirƙiro ta ba."

Ku ji fa. Uwar Khairiyya hawan jini ne ya ɗauke ta, a cinyata ta cika, jaririyar tana bayana tana barci. Wannan mutuwar ce Ramlatu ta tono za ta rataya wa marainiya a wuya saboda kifin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Ramlatun da na san ranar da aka kawo ta Enugu a gaban motar albasa tana kuka da majina, ni na koya mata cewa ego ole, wato nawa ne, in ta shiga kasuwa. Yau ta je Makka sau ɗaya ta sa haƙori, ita ce mai duba ƙafar 'ya'yan mutane.

Washegari saƙo ya shigo wayar Khairiyya, ta miƙo min: "Umma ta ce a dakata da zuwan su Kawu. Ki yi haƙuri, ina kan lallashinta. Wallahi ni ban yarda da zancen ba." Ta shige ɗaki ta rufe fuska da hijabi. Badaru, kun san shi, haƙuri da addu'a, ya ce in rabonta ne ba mai hanawa. Ni kuwa na yafa mayafi, takalmi ƙafa ɗaya na sa, zan je Obiagu in tuna wa Ramlatu wasu abubuwa. Sai ga Khairiyya a bakin ƙofa da jajayen idanu. Ta ce faɗa ba zai tayar da kifi ko ɗaya ba, in bari ta fara ganin abin da ke kashe su, tunda aikinta ke nan.

Madam ɗinsu ta wajen aiki ta ara mata wani tsohon madubin likita, baƙi, mai nauyi kamar dutsen guga, da ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Asabar da hantsi ta kifa turmi a tsakar gida ta ɗora shi. Shafi'u ya zo da kifi biyu daga shago a kwanon roba. Na ce ga matattu nan guda uku a falo a fara da su mana, ta ce a'a, sai mai rai, don da kifi ya mutu abin da ke jikinsa watsewa yake. Ta jiƙa hannu, ta kamo ɗaya daga namu, ta shafi gefensa da bakin wani siririn gilashi daga kai zuwa jela, a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. Yauƙi ɗan kaɗan ta ɗebo. Ta sa a wani gilashin, ta ɗiga ruwan akwatin ɗigo ɗaya, ta rufe, ta mayar da kifin ruwa. Ta sa ido tana murɗa wani abu a gefe. Can sai ta yi ajiyar zuciya ta ce in zo.

Da farko gashin idona kawai nake gani. Ta ce in rufe ɗaya idon, in daina numfashi a kai. Sai fili ya buɗe, fari fat. Jama'a, ashe gari ne guda. Wasu abubuwa ne zagayayyu kamar faifai, kowanne da haƙora jere a ciki kamar na injin markaɗe, suna juyi, suna gudu, wannan ya bangaje wancan, kamar 'yan keke a bakin Ogbete. Ba ɗaya ba, ba goma ba. A cikin yauƙin da bai kai ƙwayar gero ba. Abin da ya ba ni haushi, lafiyarsu ƙalau, har da rawa, ga auren jikata na neman lalacewa a kansu.

An gwada na shagon Shafi'u, su ne dai. Khairiyya ta ce a fata suke zama da ƙarƙashin kunnen kifi inda yake numfashi, shi ya sa suke ƙaiƙayi suna haki. Shuɗin maganin da yake ɗigawa bai isa ba, wankan gishiri za a yi musu da awo, a wanke raga da bokiti duka, don ragarsa ce ta kwashi abin daga gidanmu ta raba wa shago. Sannan ta ce abin ba daga iska yake zuwa ba, wani kifin ne ke kawo shi, kuma ya fi yawa a kifin gona da ake cunkusawa, irin tarwadar kasuwa. Shafi'u ya rantse bai taɓa haɗa sabon kifi da tsoho ba sai ya yi mako biyu shi kaɗai.

Na kama gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba. Khairiyya ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, ranar farfesun nan, a ina kika ajiye tarwadar?"

"A inda ake ajiye tarwada," na ce, na shige ɗaki wai zan yi walahar da na riga na yi.

Gishiri ya yi aiki. Kwana uku mutuwa ta tsaya a gida da shago. Shafi'u ya ɗauki abin a waya ta bakin madubin ya nuna wa uwarsa, ta ce waya ba abin da ba ta nunawa, jiya ma ta ga akuya tana tuƙa mota. Asabar ɗin sa rana saura kwana uku, ba wanda ya ce a dafa ko a fasa. Khairiyya ba za ta je gidan surukai ta yi musu darasi ba, da kunya. Sai na ce ni ba ni da wannan ciwon.

Laraba bayan azahar na sa leshina ruwan toka, na ɗaura gwaggwaro, na fesa turaren da nake ɓoyo. Na naɗe madubin a zane na rungume kamar jariri. Shafi'u ya riƙo bokiti da kifi ɗaya da ya ware bai yi wa wanka ba. Mai keke ya waiwayo ya ce, "Mama, na hospital una dey carry fish go?" Wai asibiti za mu kai kifi. Na ce ya kalli hanya.

Ramlatu ta tarbe ni da gaisuwa mai tsawo marar gishiri. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafa, ya ƙafa dai har sau biyu. Na ce ƙafa lafiya lau take. Ta ajiye min ruwan leda da goro, ban taɓa ba. Na ce ba zama na zo yi ba, a fito da kujera 'yar tsugune inda rana take. Shafi'u ya yi yadda aka koya masa, sai a karo na biyu ya samu. Na ce Hajiya bismillah, da idonki, ba da waya ba.

Ta daɗe a sunkuye. Na ga yatsun ƙafarta sun motsa, na san ta gani. Ta ɗago tana goge ido da bakin mayafi.

"Na gani, Iya. Halittar Allah ce. To amma da can suna ina? Shekara huɗu ba su san hanyar shagon yaron nan ba. Shi da bakinsa ya ce min daga gilashin gidanku abin ya fara. Wa ya buɗe musu ƙofa?"

Shafi'u ya ce, Umma, ya koma ya tsuguna gaban bokiti, bawan Allah.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi niyyar yin shiru. Shekara arba'in da wani abu ina garin nan, labarin kowa a hannuna yake, nawa bai taɓa shiga hannun kowa ba. Kuma a ce Ramlatu ce za ta fara riƙewa. Na san kafin magariba Obiagu ta ji, kafin Juma'a an ji a Fatakwal. Na dubi yaron yana tsugune gaban bokiti, na tuna fuskar da aka rufe da hijabi a ɗakina. Na gyara zama.

"Ni na buɗe musu. Ba ƙafar Khairiyya ba ce, hannuna ne."

Na faɗa mata duka, da rashin ruwan, da gas, da buhun albasa, da abin shanya. Ban rage komai ba. Shafi'u ya ɗago a hankali.

"Kaka, farfesun nan?"

"Shi. Kuma kwano biyu ka ci, kada ka dube ni haka."

Ramlatu ta fara da tari, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi har ta riƙe ciki, har haƙorin Makka ya fito gaba ɗaya, tana maimaita buhun albasa, buhun albasa. Na zauna ina kallonta, ban taɓa sanin mutum zai iya jin zafi a kunne haka ba. Da ta gaji ta share hawaye, ta ce to alhamdu lillahi, yarinya ta fita, ita ma dama ba ta so abin ya zama haka ba, kawunnansa za su zo Asabar in Allah ya kai mu. Shafi'u ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta godiya, ni yake yi wa ko ita, shi ma bai sani ba. Ya fita neman keke.

Ta rako ni zaure, abin da ba ta yi ba da na shigo. Ta riƙe min madubin ina sa takalmi. Sai ta rage murya.

"Iya, magana ɗaya, tsakanina da ke. Ranar kai amarya ki huta a gida, a samu wata ta riƙo hannunta. Ɗakin yaron nan a jikin shagon yake. Tarwada dubu ake sayarwa a Ogbete kullum, taki ce kaɗai ta kashe masa sana'a. In kin yarda, Asabar tana nan."

Kun gane? Farar ƙafar ba ta mutu ba, gida ta canza. An cire ta daga jikin yarinya an sa min. Ni da na wanke kashinta, na yi jinyar ƙyandarta, na raka ta makaranta ranar farko tana riƙe da zanena, ni ce ba zan kai ta ɗakinta in zaunar da ita a bakin gado ba. Maganganu sun cika min baki, har da na motar albasa, har da wani da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji ƙarar keke a waje. Na haɗiye su duka, na ce to.

Ko da na iso gida saƙo ya riga ni. Khairiyya ta tare ni tun daga ƙofa, ta karɓi madubin ta ajiye, ta rungume ni har gwaggwarona ya faɗi. Shafi'u ya rubuta mata komai, har da buhun. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce dama ta sani tun ranar da na yi walaha sau biyu. Ta zaunar da ni, ta cire min takalmi, ta buɗe waya tana nuna min kalolin leshi, wai in zaɓi wanda zan sa ranar.

"Kaka, ke za ki kai ni fa. Ba na son gwaggo kowa. Ke za ki riƙe hannuna ki shigar da ni, in ba haka ba a mota zan zauna."

Tana dariya ta faɗa, amma ni na raine ta, na san dariyar da take yi in ta riga ta yanke magana. Na dubi leshin, wani ruwan zuma mai duwatsu, na ce to.

Khairiyya ba ta cikin guruf ɗin nan, kuma duk wadda ta tura mata, na san gidanta, na san abin da ke ƙarƙashin gadonta. Yau na ce to sau biyu, ga mutum biyu, kuma ɗaya ce kawai za ta yiwu. Goron Asabar dai Badaru ya riga ya sayo, yana nan a jiƙe cikin algarara a bayan ƙofata.